Rigar Wakilin Ango

Asabar, da sassafe

Na dawo daga masallaci na tarar matata Asiya ta shanya fasfo ɗinta a kan zana, kusa da daddawar Inna, ta danne shi da dutse. Wai randa ce ta yi zufa ta jiƙa ledar da take ajiye shi. Ita kuma tana gefe a kan kujera 'yar tsugunno tana soya gahawa a kasko, tana waƙa ƙasa-ƙasa da Larabci. Da can a tsugune take yi. Yanzu sai da kujera.

Akuyar Inna ta zo tana sansanar fasfon. Inna ta ɗaga muciya ta ce, "Ci mana. Ki ci takardar Sudan mu ga da wane harshe za ki yi kuka." Asiya ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Na tsaya a bakin zaure ina kallo, ban so in shiga in katse ba.

Da ta miƙo mini gahawa sai ta buɗe fasfon ta ɗora yatsa a kan wani hatimi. Ta ce, "Ya Zol, lokacin da aka ba ni ya kusa ƙarewa. Kafin Babbar Sallah." Zol take ce mini, wai mutum ke nan da harshensu na can. Sunana ba ya fitowa daga bakinta. Inna ma ba ta faɗa, don ni ne ɗan fari. A gidan nan in ba baƙo ya yi sallama ba sai in manta ana ce mini Badaru.

An ce matar ɗan ƙasa ana ba ta katin zama, ba mai sake ce mata tashi. Sai dai a kawo shaidar matarka ce. Na ce wannan ai ba aiki ba ne, duk Tudun Gawo sun ci goron.

Zan riƙa rubutawa don kada tambayoyin ofis su rikita ni. A aji huɗu na tsaya, rubutun sai haƙuri.

Lahadi, bayan la'asar

Kai taki gona tun safe. Jaki ya rame, ni ma haka.

Kakan Asiya, Alhaji Dabo, daga nan ƙauyen ya tafi Makka a ƙasa tun ba a haifi babana ba. Ya tsaya a Sudan, ya yi gida, bai dawo ba. Bara da damina ta iso ita da gwaggonta Fadima, da jaka ɗaya. Abin da ya koro su kowa ya ji a rediyo. Ni ba na tambayarta. Gwaggo ta zauna wurin dangi a Rijiyar Zaki, Asiya ta sauka gidan Baba Ɗan Iya, ɗan ƙanin kakanta. Gonarsa da tamu iyaka ɗaya. Sauran zance kuma a bar shi.

Shi ya tsaya mata waliyyi. Ni kuma Baffa Nababa, ƙanin marigayi babana, shi ne wakilina. Taubasai ne su biyun, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Na same su a gindin gawo na gaya musu zancen takarda.

Baba Ɗan Iya ya ce, "In shaida ake so ga ni. Amma kada ka tafi da Mai Taga, ya ba mu kunya a birni."

Baffa ya ce, "Ka ji shi ko? Tun bara yake wannan ƙaryar. Rigata ba ta taɓa yagewa ba."

"Taga guda a gadon baya, har iska na shiga."

"Bakinka ne tagar."

Na bar su suna yi. Kullum haka suke.

Talata, da yamma, a Rijiyar Zaki

Kuɗin mota daga Tsanyawa ya sake hawa. Direba ya ce mu tambayi mai sayar da fetur. Na samar wa Asiya gaba, kusa da taga, don ƙurar baya tana tayar mata da zuciya kwanan nan.

A ofishin shige da fice aka tura mu wurin wata jami'a, Hajiya Larai. Mace mai fara'a, da tabarau a kan hanci. Ta ce ina takardar aure. Na ce babu, a masallaci aka ɗaura, liman bai rubuta ba. Ta ce to hoto fa. Na fito da wanda abokina Sama'ilu ya ɗauka ya wanke mana. Ta duba ta sake dubawa.

"Na ga dattawa, na ga ƙwaryar goro. Ina ango?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ina shagon Sama'ilu, bayan buhunan gishiri."

"Amarya fa?"

"Tana cikin ɗaki an rufe ta."

Ta yi dariya ta ce, "Na sani. Nawa angon ma a gonar rake ya ɓuya ranar. Amma takarda ba ta san kunya ba, ɗana." Ta ce mu je kotun shari'a da waliyyi da wakili su yi rantsuwa, alƙali ya rubuta ranar da aka ɗaura. Mu kuma mu ɗauki hoto tare.

Sai ta juya wurin Asiya. "Yaya sunan mijinki?"

Asiya ta zuba wa ƙasa ido kamar allura ta faɗi. Hajiya ta ce, "Yau na ƙyale ki. Ranar ƙarshe kuwa da bakinki za ki faɗa, haka ƙa'idar take."

A waje wani mutum mai tebur da laima ya kira mu. Ya ji komai tun kafin mu faɗa. Ya ce me zai kai mu wahalar tsofaffin ƙauye, ya san inda za a ɗaura sabo gobe da safe, a rubuta ranar gobe, jibi mu kawo takarda. Asiya ta dube ni. Idonta ya yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Na ce masa za mu yi shawara.

Laraba, a mota

Na yi lissafin watanni da yatsu, daga yau zuwa gaba. Na sake yi. Bai fita ba.

Alhamis, da hantsi

Na gaya wa Inna zancen mai laima tana tankaɗe. Ta ajiye rariya.

Ta ce, "Auren da bai tsinke ba ina za a ƙara ɗaure shi? A rubuta an ɗaura bayan Ƙaramar Sallah, sannan tsakiyar damina a taru a gidan nan cin tuwon suna? Yaro ya girma ya yi boko, ya ɗauko takardar uwarsa ya ƙirga? Wannan, kana da hankali kuwa?"

Ita ta faɗa, ba ni ba. Ni taki na tafi kaiwa.

Juma'a, bayan an sauko

Liman Malam Yuguda ya ce yana tune sarai, Juma'a ce. Na ce wacce. Ya ce, "Badaru, da kakar bara ba Juma'ar da aka sauko ba a ce a tsaya a yi fatiha ba. Naka na ciki." Ya yi mini addu'a mai tsawo.

Sama'ilu ya ce waya tana riƙe rana, amma wadda ya ɗauki hoton da ita ya sayar tun azumi ya auno masara. Ban ga laifinsa ba.

Ni da nake ango ban san ranar ba. Na san Juma'a ce, na san ƙamshin gishiri da sabulu, na san ƙafata ta yi sanyi a bayan buhu. Sai da na ji guɗa na fito.

Lahadi, da azahar

Jakarta ta bar ƙarƙashin gado. Tana bayan ƙofa.

Litinin, da la'asar

Kotu.

Alƙali dattijo ne siriri, muryarsa ba ta tashi. Ya ce wane ne waliyyi. Baba Ɗan Iya ya miƙe. Alƙali ya ce mahaifinta fa? Sai Asiya ta yi magana da Larabci, ba da yawa ba. Ban ji me ta ce ba. Alƙali ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin rawani. Ya amsa mata da Larabci, ta ce amin. Bai sake tambayar ba.

Sannan ya ce yaushe aka ɗaura.

Baba Ɗan Iya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, gero na tsaye. Kafin Maulidi."

Baffa ya ce, "An yanke gero har an ɗaure dammuna. Maulidi ya wuce da nisa, wani watan ne ma."

"Geronka ne aka yanke, don na gwauro ne, ba ya jira."

"Matata na raye, ka sani."

Alƙali ya bar su suka gama. Ya ce shaidu biyu da suka saɓa ba shaida ba ce. Mu koma mu tuna. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku tuna na ce, ban ce ku shirya ba. Rantsuwa za ku yi."

A hanyar dawowa kowannensu yana cewa ɗayan ne ya tsufa. Na so in yi dariya, na waiwaya na ga Asiya, na haɗiye.

Talata, da safe

Ba ta soya gahawa ba.

Laraba, bayan magariba

Ta ce, "Ya Zol, a yi na mai laima. Na gaji da hanya. In aka ce in tashi, ina zan nufa?"

Na ce ba inda za ta. Ta ce haka wani ma ya taɓa ce musu. Ba ta faɗi ko wane ne ba.

Na ce ta ba ni zuwa ruwan farko. In an yi ruwan shuka ban samo ranar ba, zan yi yadda ta ce. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Gabas ta fara haɗa hadari da yamma.

Ta ci tuwo kaɗan. Ta ce tana son tsamiya, na je gidan Baba Ɗan Iya na roƙo.

Juma'a, da hantsi

Alhamdu lillahi.

Jiya da rana ina kwance a zaure ina kallon hoton nan don ba abin yi. Duk dattawa suna kan tabarma a gaban liman, sun yi da'ira. Baffa kaɗai ne can baya, ya manna gadon bayansa da bangon masallaci kamar ƙadangare. Wakilin ango, wanda ya kamata ya zauna gwiwa da gwiwa da waliyyi. Sai miƙo hannu yake daga nesa.

Da safen nan na sami Baba Ɗan Iya yana sharar gona. Na karɓi manjagara ina taya shi. Na ce, "Baba, tagar nan da kake tsokanar Baffa, a ina aka buɗe ta?"

Ya ce, "A Dala mana. Ranar Takutaha ya bi 'yan zikiri Kano, wai shi ma sai ya hau dutse kamar yaro. Wajen saukowa ya zame, wani ƙarfe ya kama rigar, ɓarrr, har ƙugu. Ita ke nan gare shi ta fita kunya. Jibin ranar ya sa ta ya zo ɗaurin aurenka, matarsa ba ta kai ga ɗinkewa ba."

Na ce, "Jibin Takutaha, Baba?"

"Laraba ya yage, Juma'a ya..."

Ya tsaya. Ya dube ni. Takutaha mako guda ne bayan Maulidi, kowa ya sani, kuma tana cikin kowace kalanda.

Ya ce, "To ashe bayan Maulidi ne." Ya ɗan ɓata rai. Sai kuma fuskarsa ta washe gaba ɗaya. "Kai, yaro. Wato sai ya faɗa da bakinsa a gaban alƙali? Da rantsuwa?" Ya zauna a kan kunya yana dariya har da tari.

Na dawo da gudu na gaya wa Asiya. Sai da na kwatanta mata tagar da hannu a bayana sannan ta gane. Ta yi dariya, ta share ido, ta ɗora kasko.

Asabar, da la'asar

Baffa ya ce bara bai je Dala ba.

Na ce to, Baffa. Ya ce kuma rigarsa lafiyarta ƙalau. Na ce to. Ya ce in ina so in sa abokin wasansa ya hau kansa har kabari, in faɗa masa. Na ce ba haka ba ne. Ya ce a sami wata hanyar.

Ba mugu ba ne. Shi ya riƙe mu da babana ya rasu, shi ya sayar da tunkiyarsa a kan sadakina. Amma wata bakwai yana musun abu a gaban jama'a, yanzu a ce ya miƙe ya warware.

Litinin

Na kai taki gonar Baffa. Ban yi zancen ba.

Talata

Na sake kaiwa. Ya ce wa ya sa ni. Na ce jakin ne ya san hanya.

Laraba, da yamma

Matarsa, Goggo Fanta, ta tare ni a bakin rijiya. Ta ce rigar tana ƙasan adaka, ita ta ɗinke ta da hannunta, da farin zare don ba ta sami shuɗi ba. Tun ranar bai sake sawa ba. Ta ce, "Ni ba zan ɗauko maka ba, in ya tashi sakin mutum ba kai za ka riƙe ni ba." Amma tana dariya ta faɗa.

Hadari ya taso, iska ta kwashe shi. Ban taɓa murnar hadari ya watse ba tun da aka haife ni sai yau. Allah ya yafe mini. Mutane na jiran ruwa, rumbuna sun yi ƙasa.

Alhamis, da azahar

Mun je Tsanyawa ɗaukar hoto. Asiya ta so ta sa kayan bikinta. Rigar ba ta shiga ba. Na ce telan ne ya matse ta tun farko. Inna ta ce, "Eh, telan ne," ta juya tana gyara murhun da ba wuta. A ƙarshe ta naɗa babban mayafinta irin na can, mai ruwan goro.

Mai hoto ya ce in matso. Na matso. Ya ce in ƙara. Ya ce, "Malam, matarka ce ko bashi kake binta?" Asiya ta tuntsire, a haka ya ɗauka. Hoton ya yi kyau. Ni na fito kamar an kama ni a gonar wani.

Jakar tana nan bayan ƙofa.

Asabar, bayan la'asar

Baffa ya shigo gaida Inna, ya ce kuma in daina zuba masa taki haka, gonar za ta ƙone. Asiya ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo gahawa. Yana so, ko da yake kullum sai ya ce ɗaci gare ta.

Jiragen alhazai sun fara tashi daga Kano. Yawanci can sama suke bi. Na yau ya yi ƙasa, ƙararsa ta cika gidan.

Kofin ya faɗi. Kafin in miƙe ta shige ƙarƙashin rumbu, tsakanin duwatsun, da hannu biyu a kan cikinta. Yadda ta shiga wurin a yadda take ban sani ba. Ni da Inna mun saba. Inna ta je ta zauna a ƙasa kusa da ita tana cewa alhazai ne, 'yar nan, alhazai ne, Makka za su.

Baffa bai taɓa gani ba. Ya bi ta da ido. Ya dubi ƙofar ɗakinmu da ke buɗe, ya ga abin da ke bayanta. Ya ɗauki kofin daga ƙasa ya kakkaɓe ya ajiye a kan tabarma. Ya tashi bai yi sallama ba.

Litinin, da sassafe

Na buɗe zaure na ga Baffa tsaye. Shuɗiyar riga, hula zanna, carbi a hannu.

Ya ce, "In ka yi dariya na koma."

Ban yi ba. Na bar shi ya wuce gaba don girmamawa, shi ya sa na ga farin zaren, daga wuya har ƙugu, kamar hanyar tururuwa. Na ciji leɓe har bakin titi.

Litinin ɗin dai, da yamma

Baba Ɗan Iya ya ga rigar a tasha ya buɗe baki. Baffa ya ce, "Ka bari mu fito." Abin mamaki, ya bari.

A gaban alƙali Baba ya fara. Ya ce wancan karon ya yi kuskure, bayan Maulidi ne, Juma'ar da ta biyo Takutaha. Alƙali ya ce me ya tuna masa. Ya nuna Baffa da haɓa.

Baffa ya miƙe. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa zan juya maka baya." Ya juya. Magatakarda ya sunkuyar da kai kan tebur, kafaɗunsa na motsi. Baffa ya faɗi komai yana fuskantar bango, hawan Dala, zamewar, ƙarfen, da yadda ya karɓi auren ɗan wansa a manne da katanga. Ya ce wancan zuwan ya tura ranar gaba ne don ta yi nisa da Takutaha, kuma yana neman gafarar Allah.

Alƙali ya tambayi Baba ko ya ga yagewar da idonsa ranar ɗaurin auren. Ya ce, "Har singiletinsa na gani." Suka yi alwala suka rantse. Aka ɗauko kalandar bara, alƙali ya bi da yatsa, ya faɗi ranar da ta Musulunci da ta boko, magatakarda ya rubuta.

Baffa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a rubuta ranar, amma kada a rubuta rigar."

Alƙali ya ce, "Riga ba ta shiga takarda."

Baba Ɗan Iya ya ce, "Ta shiga tawa."

Na sake lissafin da yatsu a ƙarƙashin benci, daga waccan Juma'ar. Ya fita, har da saura.

A mota Baba ya kira shi Mai Taga tun daga tasha har gida. Baffa ya ce aƙalla shi ya hau Dala, wani ko tudun tururuwa sai an tura shi. Asiya ta riƙe takardar a ƙirji. Da muka sauka ta durƙusa wa Baffa, da ƙyar, ya ce, "Tashi, tashi, wa ya ce ki wahalar da kanki." Ya juya da sauri, duk muka sake ganin zaren.

Laraba, da asuba

Ruwa. Kamar da bakin ƙwarya.

Laraba, da la'asar

Duk ƙauye na gona. Ina sara da sungumi, Inna na bina da iri. Asiya ta ce sai ta jefa ko rami kaɗan ne a gonar kakanta, Baba Ɗan Iya ya ba ta gero a tafin hannu, tana jefawa tana rufewa da diddige kamar a nan aka haife ta. Ƙasa na ƙamshi. Yara na bin shinge da gwangwani.

Na shiga ɗaki ɗauko hula na ga bayan ƙofa ba komai sai tsintsiya.

Talata, da yamma, a Rijiyar Zaki

Mota guda muka kusa cikawa. Baffa da Baba suka ce sai sun zo ko za a nemi ƙarin shaida. Inna ta ce ita ma rabonta da Kano tun tana goyona. Gwaggo Fadima ta same mu a bakin ofis. Mai laima ya gan mu ya ce, "Ango, an shirya?" Baffa ya ce masa, "Tun bara."

Hajiya Larai ta karanta takardar kotu har ƙasa. Ta duba hoton ta ce yanzu ga ango ga amarya, ko da yake angon kamar zai gudu. Ta tambaye ni abubuwa na amsa, ban ko buɗe littafin nan ba. Ta ce katin zai ɗauki lokaci kafin ya fito, amma za ta buga hatimi a ba mu shaidar karɓa, daga yau ba mai ce wa Asiya lokacinta ya ƙare.

Ta ɗaga hatimin, sai ta tsaya da shi a sama.

"Saura abu ɗaya. Yaya sunan mijinki?"

Asiya ta ja mayafi ta rufe baki. Ta dubi Inna. Inna ta ɗaga kai tana kallon fanka kamar ba ta taɓa ganin abu mai juyawa ba. Baba Ɗan Iya ya ce, "Faɗi, 'yata. Wani ma ya juya wa alƙali baya bai mutu ba."

Ta sauke mayafin kaɗan. Ba ta dubi Hajiya ba, ni ta duba.

Ta ce, "Badaru."

Da irin harshenta ta faɗa, ra ɗin na karkaɗawa. Ban san haka sunan yake da daɗi ba. Hatimi ya sauka.

A hanyar fita ta ce mini ba ta faɗi komai ba, kunnena ne. To, na koyi darasi a wurin alƙali, abin da ba a riƙe shaidunsa ba musu yake zama. Don haka ga su. An yi shi yau Talata, mako guda ba kwana ɗaya bayan ruwan shuka, a gaban Hajiya Larai mai hatimi. Baffa Nababa yana wurin, cikin shuɗiyar riga. Baba Ɗan Iya yana wurin. Gwaggo Fadima ta ji, har ta yi guɗa ƙasa-ƙasa aka ce ofis ne. Wani masinja mai ɗauke da fayil ya ji. Inna za ta ce fanka take kallo, amma na ga bakinta.

Akwai kuma wani da bai kamata in rubuta ba tukuna. Asiya ta ce da ta faɗi sunan ya yi motsi. Shi ma na sa shi cikin shaidu.